ATILANTIS DA "ILIMIN ƁOYE": MAGANA GA MATASANMU NA KANKIA DA KUSADA

Rubutun yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yi sharhi.

Kwanan nan wasu bidiyoyi sun cika guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da TikTok. Wai akwai wata tsohuwar daula da ta nitse a teku da iliminta. Wai asalinmu daga Masar ne, wani ya ce a'a, ɓatacciyar kabilar Isra'ila ce mu. Wai fastoci sun san gaskiyar amma sun ɓoye. In ka bi su a hankali, ƙarshen zancen ɗaya ne: shigo cikinmu mu buɗe maka ido, ga kuɗin rajista.

To bari mu bi sawun labarin. Atilantis daga rubutun Aflatun, masanin Girka, ta fito, wajen shekara 360 kafin haihuwar Almasihu, ya kawo ta a matsayin misalin al'ummar da girman kai ya hallaka. A 1882 wani ɗan siyasar Amurka, Ignatius Donnelly, ya rubuta littafi ya ce da gaske ta wanzu. Ƙungiyar Tiyosofi da Helena Blavatsky ta kafa da abokanta a 1875 ta ɗauki zancen ta mayar da shi akida. AMORC, wadda aka kafa a Amurka a 1915, ita kuma da tsohuwar Masar take danganta koyarwarta. Abin da ake turo mana yau a matsayin sabon wahayi, tsohon tuwo ne aka ɗumama.

Ga abin da ya fi ciwo. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga kawunan da aka ƙera da gwaninta, sai ya ce ragowar Atilantis ce. Me ya sa? Don zuciyarsa ta kasa yarda baƙar fata ne suka yi su. Haba jama'a! Labarin da aka yi amfani da shi aka raina kakanninmu, shi ne yau muke yaɗawa da datarmu muna murna?

Alhali tarihi na gaske yana nan gefenmu. Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani take, nan cikin jiharmu. Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da kwanon ƙarfe da ya ƙetaro Sahara. Mutanen ƙasar nan ne, 'yan kasuwa da sarakuna, babu wani aljani ko baƙo daga sama. A shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ake wawushewa. Wato muna can muna neman birnin da ya nitse, namu na hannu ana lodinsa zuwa Turai. Mu nawa ne a zumuntar matasa suka taɓa taka Durɓi ta Kusheyi ko Hasumiyar Gobarau?

Ba zan ɗora wa yaranmu laifi duka ba. Bahaushe Kirista ya saba jin ana ce masa ya bar Hausanci, wani ma ya tambaye shi wane yare ne shi. Wanda ake yi wa gorin asali, duk wanda ya zo masa da babban asali zai saurare shi. In kuma ya kai tambaya coci aka ce "yi shiru, shaiɗan ne", ai mu muka tura shi hannun ɗan TikTok.

Amma Littafi Mai Tsarki ya riga ya amsa. A 1 Timoti sura 1, Manzo Bulus ya bar Timoti a Afisa don ya kwaɓi masu shagala da tatsuniyoyi da ƙirgen asali marar iyaka. A Ayyukan Manzanni 17 ya gaya wa mutanen Atina cewa dukan al'ummai daga mutum ɗaya Allah ya yi su. A Yahaya 18 Yesu ya shaida wa babban firist cewa a fili ya yi koyarwarsa. Ba sai ka zama jikan Fir'auna ko na Yakubu za ka samu daraja ba. Tsohuwar da ke surfe a Kusada, wadda ba ta san bihim ba, bisharar da ta ji ita ce dai wadda farfesa ya ji.

Saboda haka in an gayyace ka, yi tambaya uku. Ana biya kafin a ji? Ana rantsuwar kada a faɗa wa iyaye ko dattawan ikkilisiya? Ana koya maka raina maƙwabcinka, Musulmi ne ko Bafulatani, don wai jininka ya fi nasa? In ɗaya ta tabbata, ja da baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai kafin ya ƙure kuɗin makaranta sun tafi, zumunci ya lalace.

Iyayenmu fastoci da shugabannin matasa, a ware lokaci ɗaya a wata na tambaya da amsa, a bar yara su tambayi komai ba tsawa. A haɗa kuɗin mota a kai su Mani su gani da idonsu.

Wanda ke da ja, ga wurin sharhi nan, amma banda zagi. Ubangiji ya ba mu ganewa. Amin.