Digirin Ado A Littattafanmu: Ina Karatun Yake?

Yau da mu nake, mu masu riƙe da alƙalami, kuma na san wasu za su ji haushi. To, gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Duk mai bin littattafan Hausa ya san wannan jarumar. Fara ce sol, doguwa, gashi har gadon baya, kuma tana aji biyu a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello tana karanta ilimin kasuwanci. Za a faɗa mana launin leshin da ta sa ran Litinin, da turaren da ta fesa, da irin motar da ta sauke ta a bakin ɗakin lakca. Daga nan sai ta haɗu da wani saurayi a ƙarƙashin bishiya, karatu kuma ya ƙare ke nan. Littafi na ɗaya, na biyu, na uku, ba za ka taɓa ganinta tana kokawa da darasin ƙididdiga ba, ba za ka ji ta yi wata magana da za ta nuna cewa ta zauna a aji ba. A babin ƙarshe sai a miƙa mata kwali mai daraja ta ɗaya, a ɗaura aure. Shi kuwa angon, ya yi digiri a Ingila, yana da kamfanoni bakwai, amma marubucin bai san abin da ko ɗaya daga cikinsu yake sayarwa ba.

Ni a wurina wannan ya wuce rauni a rubutu, cuta ce muke yi wa masu karanta mu. Yarinyar da take sakandare a Gusau ko Azare, daga littafinmu take fara sanin yadda jami'a take. Mun koya mata cewa digiri ado ne kamar sarƙar wuya. Ran da ta samu gurbi aka ajiye mata darasin ƙididdigar kasuwanci, ko aka tura ƙanenta ajin kemistiri na shekarar farko, sai ka ji suna cewa mugunta ce ta malamai, wai ina amfanin wannan a rayuwa. Bari in nuna amfaninsa, ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya faru a gabanmu.

Mu fara da ƙididdiga, tunda ita ɗalibai suka fi tsinewa. A 2016 tsarin nan na MMM ya bazu a Nijeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. A Disamban shekarar aka rufe asusun mutane, kuka ya tashi. Wanda ya yi sati biyu a ajin lissafin riba mai hawa kan riba zai iya ɗaukar biro ya gwada: naira dubu 100 a kan wannan ribar za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda, a shekara uku kuwa ta wuce biliyan ɗaya. Wace sana'a ce a duniya take haihuwa haka? Babu. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, ranar da sababbi suka ragu sai rumfa ta rushe. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma ga shi a Afrilun 2025 CBEX ta sake tafiya da kuɗin jama'a da irin wannan romon baka, kuma cikin waɗanda aka wanke har da masu kwalin digiri.

Ga wani misalin. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disamban 2024. A Janairun 2025 sai adadin ya koma 24.48, bayan hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024. Nan take wasu suka hau murna wai kaya sun sauka, wasu kuma suka ce ƙarya gwamnati take yi tunda kwanon masara bai canza ba. Dukkansu ba su gane ba. Ma'auni aka sauya, sannan ko da adadin ya ragu da gaske, ma'anarsa farashi yana ci gaba da hawa, saurin hawan ne ya ragu. Wannan darasin aji ɗaya ne. Al'ummar da ba ta iya karanta adadi, duk wanda ya zo da takarda mai lambobi zai juya ta yadda ya so, ɗan siyasa ne ko ɗan damfara.

Sai kemistiri, wanda ake ganin na masu son zama likita ne kawai. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shiga, aka tabbatar gubar dalma ce. Masu haƙar zinare suna kawo duwatsu cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema, ba su san dutsen da ke ɗauke da zinare yana ɗauke da ajali ba. Ina littafin da muka rubuta a kan Bagega ko Dareta? Da a ce attajiri ne ya saki matarsa, da mun yi masa littafi biyar.

Kuma mu dawo kan farar jarumar tamu. Shekara da shekaru muna nanata wa 'yan mata cewa kyau shi ne fari, baƙa kuwa sai dai ta fito a 'yar aiki ko muguwar kishiya. Su kuma suka nufi kasuwa suna sayen man shafawa da wasunsu ke ɗauke da zaiba, wadda take ratsa fata ta lalata ƙoda. Marubuciyar da ta san wannan, ko da a darasin farko na kemistiri ne, hannunta zai yi nauyi kafin ta sake rubuta "fara sol".

Kada wani ya ce mini wannan ilimin na Turawa ne. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Marini yana haɗa baba da toka da kanwa a cikin rijiyar rini, ya bar su kwanaki su ruɓa, ya tsoma zane ya fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Abin da malamin kemistiri yake zanawa a allo ke nan game da yadda oksijin ke sauya sinadari. Kakanninmu sun iya aikin. Bajamushe ya zauna ya gano dalilin, kamfanin BASF ya fito da shunin roba kasuwa a 1897, daga nan noman baba ya fara durƙushewa tun daga Indiya. Wanda ya san dalili shi ya ƙwace kasuwar wanda ya iya aiki kawai.

Na ukun shi ya fi yi mini ciwo, domin a gidanmu abin ya faru. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira rubutunmu Adabin Kasuwar Kano, muka yi ta fushi muna mayar da martani a jaridu. Sunan kasuwa muka samu, amma kasuwar ba mu iya ta ba. Tun 1960 wani Ba'amurke, Jerome McCarthy, ya tara ilimin talla a kan abu huɗu: kayan da kake sayarwa, farashinsa, hanyar da zai isa ga mai saye, da yadda za a san da shi. Marubucin Hausa na farkon kawai ya riƙe. Ya ci bashi ya buga littafi, ya kai wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya yanka farashi, ya rarraba, ya biya lokacin da ya ga dama. Marubuci bai san kwafi nawa aka sayar ba, bai san su wa suke karanta shi ba, matan aure ne a Funtuwa ko 'yan makaranta a Maraɗi. Da kasuwar takarda ta mutu muka koma waya, sai ga shi an maimaita: a tura kuɗi a shiga zauren WhatsApp, kafin gari ya waye littafin ya zagaye zaure goma kyauta. Waɗanda suka dogara da OkadaBooks kuma suka wayi gari a Nuwamban 2023 an rufe shi. Har yau ban ga ƙungiyar marubuta da ta zauna ta ƙirga makarantanta ba.

Na san abin da za a ce: Alhassan Ɗantata bai shiga jami'a ba, 'yan Kantin Kwari ma da yawansu haka. Gaskiya ne. Amma Ɗantata ya yi shekaru yana koyon fatauci a hanyar Gwanja kafin ya shiga cinikin gyaɗa, karatu ne shi ma, mai tsada kuwa. Yaron da muke ruɗa da littafinmu bai yi zaman kasuwa ba, bai kuma yi karatun aji da gaske ba, ya tashi a tutar babu. Abokin gogayyarsa a Kwari a yau shi ne mai masaƙa a Chana, wanda yake da lissafin kowane yadi a kwamfuta.

Jami'o'in ma suna da nasu laifin. Ana cusa ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda, a koyar da kemistiri a allo ba tare da yaro ya taɓa kwalbar gwaji ba, a kawo misalan talla daga kantunan Amurka alhali Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ɗalibi ya haddace da Turancin da bai gama ji ba, ya juye a jarrabawa, ya manta. Wannan giɓin kuwa mu ya kamata mu cike, domin mu ne muke da harshen da mutane suke karantawa da daddare ba don an tilasta musu ba.

Ba cewa nake a mayar da littafin soyayya littafin darasi ba. Cewa nake in ka ce jarumarka tana karanta kasuwanci, to ka je ka zauna da ɗalibar da take karanta shi, ka duba littattafanta, ka tambaye ta abin da yake hana ta barci. Bari mu ga jaruma ta faɗi ƙididdiga ta sake zama, mu ga ta hana mahaifinta zuba kuɗin fanshonsa a hannun 'yan damfara saboda ta yi lissafi, mu ga saurayin da ya koma ƙauyensu ya ce a daina niƙa dutse a tsakar gida, dattawa suka taso masa. Wallahi akwai tashin hankali da soyayya a nan fiye da faɗan kishiyoyin da muka tauna har ya zama ɓawo. In kuma ba za ka iya wannan wahalar ba, ka bar yarinyar mutane a gida, kada ka ba ta digirin da kai ma ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Mai ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo sunan littafi da shafi mu duba tare. Allah ya sa mu gyara, amin.