Waiwaye: Wanda Ƙarfinsa Ya Ragu Bai Rasa Amfani Ba

A shekarun 1980, lokacin da masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharada a Kano ke aiki dare da rana, ba baƙon abu ba ne inji ya cinye wa ma'aikaci yatsu biyu ko uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 kuwa kuɗi dunƙule ta tanada, a biya sau ɗaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da albashin wata 54, wanda ya rasa wani sashe na ƙarfinsa kuma a yanka masa kaso gwargwadon raunin. Daga nan tsakaninsa da wurin aiki sai "Allah ya ƙara sauƙi".

Kuɗin dunƙule ba ya jimawa a hannun mai iyali. Magani ya ci nasa, bashi ya ci nasa, cefane ya ƙarasa sauran. Ga mutum idonsa na hango zaren da ya tsinke tun daga nesa, kunnensa na gane canjin kukan inji kafin ya tsaya, amma ya koma zaman ƙofar gida, wani ma har bara. An lissafa abin da ya rasa, ba a tambayi abin da ya rage masa ba.

A 2010 Najeriya ta sauya tsari. Sabuwar dokar ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Wanda rauni ya rage masa ƙarfi na dindindin ana biyansa lokaci zuwa lokaci kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta raunin ya rage masa a samu, ga tanadin magani da koyon sabuwar sana'a. Ke nan zai iya komawa aiki mai sauƙi, asusun ya cike masa giɓi.

Amurka ta daɗe da gano cewa tsoron yankewar tallafi ne ke zaunar da mutane a gida. Don haka mai karɓar kuɗin nakasa a can yana da wata 9 na gwajin aiki ba tare da an taɓa kuɗinsa ba, sai wasu wata 36 da za a biya shi duk watan da samunsa ya gaza wani mizani.

Darasin a fili yake: tallafin da zai hukunta mutum don ya yunƙura ya tashi, ya kauce wa manufarsa. Sanda ake ba mai ɗingishi don ya ci gaba da tafiya.

Sauran aikin yana hannunmu. Ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, ya nemi diyya kafin shekara ta cika. Mai masana'anta ya yi wa ma'aikatansa rajista, kuma in ɗaya ya dawo da rabin ƙarfi, ya ba shi kula da sito ko horar da sababbin hannu, ya rage masa awoyi. Mutumin da ya ba da lafiyarsa a bakin aiki ya cancanci a buɗe masa ƙofa in ya ce zai dawo.