Littafi Ba Ɗakin Jiran Fim Ba Ne



Da yawanmu yanzu muna rubutu ne hankalinmu na kan Kannywood: shafi cike da hira, ba siffantawa, ba shiga zuciyar tauraro, wai don labarin ya yi sauƙin mayarwa fim. A ganina wannan asara ce.

Ku dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, ido ya ga ayari da raƙuma da hamada. Amma ƙarfin littafin yana cikin muryar dattijon malami mai ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, da na uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Kyamara tana ɗaukar hawaye. Abin da ya jawo su daga zuci, alƙalami ne ke tono shi.

Kafin fim ɗin ma, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka sake gina labarin ya zama wasan kwaikwayo. Wato juya littafi sana'a ce daban, tana da masu ita.

Mu rubuta littafin da zai tsaya da ƙafarsa. Idan ya ƙosa, mai fim da kansa zai biyo sawu. Me kuka gani?