Sharhi: Abin da Ke Tsakanin Mai Ƙara da Lauyansa



Wanda duk ya taɓa yin sammako zuwa harabar kotu, ko a Nomansland, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Ƙofar Kudu a nan Kano, ya san irin mutanen da zan yi magana a kansu yau. Za ka gan su a gindin bishiya ko a kan benci, leda a hannu cike da takardu, ido na kan ƙofa, suna jiran mutum ɗaya: lauyansu. Wani gona ya sayar ya ɗauki lauyan nan, wata kuwa ɗan kunnenta na gwal ta kai kasuwa.

Bari in ba ku labarin wata gwaggona. Bayan rasuwar maigidanta, sai wani ya fito ya ce ai marigayi ya sayar masa da filin da ta san na 'ya'yanta ne. Magana ta kai kotu. A bakin kotun wani dillali ya tare ta, ya ce yana da lauyan da bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Ta biya kuɗin farko, babu rasit, babu ko 'yar takardar da ta nuna me aka yi yarjejeniya a kai. Kowane zama kuma sai ta ba da kuɗin mota. Idan an shiga, ana ta Turanci tana zaune, ba ta tsinci komai ba sai ranar da aka ɗage zuwa. In sun fito ta ce, "Barista, me alƙali ya ce?" Amsar kullum ɗaya ce: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, komai na tafiya daidai." Daga baya ma ya ce ta daina wahalar zuwa, ta riƙa aiko da kuɗin kawai. Sai da ɗanta ya je wurin magatakardan kotu da kansa, sannan aka gane an kori ƙarar tun watanni huɗu da suka wuce, saboda babu wanda ya halarta a madadinta.

Ranar da na je yi mata jaje, abin da ta faɗa mini har yau yana raina. Ta ce, "Ɗana, da ya gaya mini gaskiya tun farko, ko da faɗuwa na yi zan haƙura. Abin da ya ƙona mini rai, ya mayar da ni kamar wadda ba ta da hankali."

Wannan shi ne kukan da na fi ji daga mutanen da suka ɗauki lauya. Bahaushe ya riga ya ce shari'a saɓanin hankali, don haka faɗuwa ba baƙuwarsa ba ce. Abin da ba ya yafewa shi ne a bar shi cikin duhu a kan maganar da ta shafi filinsa, ko aurensa, ko 'yancin ɗansa da ke tsare a gidan gyaran hali na Kurmawa yana jiran shari'a. Har wasu sun ɗauka sunan lauya daga lauya magana aka samo shi. Ba daga nan ba ne, kalmar aro ce daga Turanci, amma yadda wannan zato ya zauna a zukatan mutane ya isa ya dami duk wani lauya mai kishin sana'arsa.

Alhali dokar ƙasa tana bayan wanda ya ɗauki lauya fiye da yadda ya sani. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma damar kare kansa da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa, ya kuma ce a samar masa tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'ar da shi. Ƙa'idojin aikin lauya, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ɗora wa lauya nauyin sanar da mai shari'a halin da ake ciki, sun kuma hana shi cuɗanya kuɗin mai shari'a da nasa. Lauya wakili ne. In ka ga wakilcin bai yi maka ba, kana da ikon sallamarsa ka ɗauki wani, bayan kun warware maganar haƙƙinsa. In kuwa cin amana ne, akwai reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a jiharka, akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi wanda ke da ikon dakatar da mutum, ko ya soke sunansa daga rajista gaba ɗaya. Tun 2015 ma kowane lauya na da hatimin ƙungiya da yake liƙawa a takardun da ya sa wa hannu, don a bambance shi da sojan gona.

Adalci ne kuma in faɗi ɗaya gefen. Mu ma masu ɗaukar lauya muna da namu laifin. Mutum zai ɓoye rabin gaskiya, sai an shiga gaban alƙali abokin shari'a ya fito da takardar da shi mutumin ya sa wa hannu da kansa, lauya ya tsaya sororo. Wani ya kwashe awa biyu yana neman shawara, ya tashi da "Allah ya saka da alheri" kawai, ya manta cewa lauyan nan shekara biyar ya yi a jami'a, ya ƙara ɗaya a makarantar horon lauyoyi irin ta Bagauda, yana kuma biyan hayar ofis. Mafi muni, tambayar farko da wasu ke yi ita ce, "Barista, ka san alƙalin?" Mai wannan tambaya da hannunsa yake miƙa wuya ga macuci. Ɗage zama ma ba kullum ne laifin lauya ba. Ana canja wa alƙali wurin aiki a koma farko. A 2021 ma'aikatan kotu sun yi yajin aiki na sama da wata biyu, ƙofofin kotuna a garƙame a faɗin ƙasar nan.

Wanda ba shi da hali fa? Tun 1976 akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lauya kyauta ga marasa galihu, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Ƙungiyar mata lauyoyi, FIDA, tana tsaya wa mata da yara. Lauyoyin hukumar sun yi kaɗan ƙwarai, a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Duk da haka ƙwanƙwasa ƙofarsu ya fi faɗawa hannun dillalin bakin kotu.

Roƙona ga lauyoyinmu ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Ku zaunar da mutum ku yi masa bayani da harshen da yake ji. Ku rubuta masa nawa ne kuɗin aiki, nawa ne na kotu, nawa ne na kowane zama, da Hausa, da boko ko da ajami, ku ba shi rasit. In shari'arsa ba ta da ƙarfi, ku gaya masa tun kafin ya sayar da gona.

Haka lauya ta biyu da gwaggona ta ɗauka ta yi mata, wata yarinya ce da ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta karanta mata takardun ɗaya bayan ɗaya, ta nemi kotu ta dawo da ƙarar, sannan ta ce, "Mama, hujjarmu tana da rauni a wuri biyu, shawarata mu nemi sulhu." Aka yi sulhu, aka raba filin. Gwaggo ta samu ƙasa da abin da ta sa rai, amma har yau in aka yi maganar kotu a gidanmu, lambar wayar yarinyar nan take cewa a ba mutum.