Kafin ka sayi guntayen sintesaiza, fara sauraron kalangu

Duk mai bibiyar bidiyoyin haɗa kiɗa a YouTube ya taɓa cin karo da wani akwati mai cike da maɓallai, wayoyi kala-kala sun sarƙe a gabansa kamar saƙar gizo-gizo. Sunansa modula sintesaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti wadda ake sayen sassanta guntu-guntu, mutum ya harhaɗa da kansa. Robert Moog ya fito da irinta a Amurka a 1964, sannan kamfanin Doepfer na Jamus ya kawo tsarin Eurorack a tsakiyar shekarun 1990, wanda yawancin masu ƙera guntayen ke bi a yau.

Matashin da ke haɗa kiɗa a wayarsa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, da zarar ya gani sai ya fara tambayar wane guntu zai fara saya. A ganina ya yi gaggawa. Tambayar farko ita ce: wane sauti kake so ka ji? Wanda bai amsa wannan ba zai zuba kuɗin da ya isa jarin shago, ya ƙare da ƙarar da ba ta dace da waƙar Hausa ba.

Guntaye biyar ne ginshiƙin na'urar. Wanda aka rubuta wa VCO shi ke haifar da sauti, kamar tsarkiyar goge. VCF shi ne matacin da ke rage kaifin sautin ko ya bar wani sashe nasa kawai ya wuce. VCA ke buɗewa da rufe ƙarfin murya. ADSR ke tsara yadda sauti zai taso da yadda zai mutu. LFO kuma shi ke girgiza shi a hankali. Sauran duk ƙari ne, kuma sautin da kake nema shi zai gaya maka ƙarin da kake buƙata.

Mu ɗauki kalangu, gangar da ta raka Mamman Shata, ɗan Musawa da ya daɗe zaune a Funtua, har zuwa rasuwarsa a 1999. Makaɗi na matse igiyoyin kalangu a hammata, fatar ta ɗame, muryar ta hau. Ya sassauta, ta sauko. Da haka yake bin hawa da saukar karin harshen Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Don haka mai neman wannan sauti yana buƙatar VCO mai taushin murya, da ADSR mai tasowa nan take ya mutu da sauri, da kuma guntun da ke sa murya ta zame daga ƙasa zuwa sama ba tare da tsalle ba. Idan babu wannan zamewa, abin da za ka samu ganga ce kurma.

Algaita kuwa wani lissafi ne daban. Muryarta kaifi gare ta, kamar ta hanci, kuma mabushi ba ya yanke numfashi. A nan sai ka zaɓi sauti mai siffar haƙoran zarto, ka bi da shi ta VCF da ke barin tsakiya kawai, ka bar VCA a buɗe. Ga kukuma da goge, haƙoran zarton nan dai, amma sautin ya taso a hankali kamar jan baka, LFO ya ɗan girgiza shi. Kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos yana son sautin da zai fashe ya mutu cikin ƙiftawar ido. Ka ga kenan kayan kiɗa biyar, jerin sayayya huɗu.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan fanni ya dace da mu. Fiyanon da ya mamaye sutudiyoyin Kano da Kaduna ya raba murya zuwa matakai 12, kuma sautukan da ke cikinsa an tsara su ne a ƙasashen waje. Shi ya sa waƙoƙi da yawa ke kama da juna, ka ji goma kamar ka ji ɗaya. A tsarin modula, ƙarfin lantarki ne ke juya murya, kuma yana iya tsayawa a ko'ina tsakanin matakan nan, daidai inda goge da kalangu ke yawo. Saboda haka guntun da ke tilasta wa murya komawa kan matakan fiyano, wanda mutane da yawa ke saya da wuri, kai ka bar shi sai daga baya.

To amma kada ka fara da ƙarfe, fara da wayarka. SunVox na aiki a Android da iPhone, kuma tsarinta na jona guntu da guntu ne. Masu iPhone na da Model 15 ta kamfanin Moog. Wanda ke da kwamfuta zai iya sauke VCV Rack kyauta, wadda ke kwaikwayon Eurorack har da wayoyinsa. Ka fifita manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba. Mutanen yankin nan ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Duk aikin da ya dogara da data a lokacin tsayawa ya yi cik.

Wani zai ce manhaja kwaikwayo ce, ba ta kai na'urar gaske daɗin murya ba, kuma murɗa maɓalli da yatsu ya fi shafa gilashi. Yana da gaskiya a nan. Sai dai ya lissafa sauran. Kafin ka ji ko da ƙara ɗaya sai ka sayi akwati da na'urar ba shi wuta, duk da dala, ga kuɗin dako. VCO na analog yana sauya murya idan zafi ya sauya, yana kuma son wuta tsayayya, abin da janareto ba kasafai yake bayarwa ba. Ƙurar hunturu na shiga ramukan wayoyi. Idan guntu ya ƙone, samun mai gyara ba ƙaramin aiki ba ne. Kuskure a manhaja kuwa gogewa kawai za ka yi.

Ba mu ne na farko ba. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa da ogan mai lantarki tun 1978, William Onyeabor kuma ya yi amfani da sintesaiza a sutudiyonsa na Enugu. Abin da ya sa har yau ake neman faifansu shi ne sun sa na'urar ta bi kunnensu.

Shawarata ita ce, ranar da aka yi biki ko kamun amarya a unguwarku, ka nemi izinin makaɗi, ka ba shi ɗan abin goro, ka ɗauki bugu biyar na kalangunsa da wayarka. Ka koma gida ka yi ta jona guntaye a manhaja har naka ya yi kama da nasa. Rubuta sunayen guntayen da suka kai ka can. Wannan takarda ita ce jerin sayayyarka idan Allah ya hore, kuma da wuya ta wuce guntaye shida.