Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Kasa Tsara Aiki Da Ciwon ADHD

A 'yan shekarun nan, da zarar ɗalibi ya kasa fara rubuta kundin digirinsa, sai ka ji ya ce, "Ai ni ina da ADHD." Galibi wani ɗan gajeren bidiyo ya gani a TikTok, aka lissafo mantuwa da jinkiri da yawan ɓatar da makulli, shi ke nan ya yanke wa kansa hukunci. Ni a ganina, wannan gaggawa tana iya jefa mutum cikin wahala.

Akwai aikin da ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wato na bayan goshi, yake jagoranta: tsara abin da za a yi, fara shi, riƙe shi a zuciya, da danne sha'awar barinsa. Idan wannan aiki ya raunana, sai mutum ya zauna gaban littafi awa uku yana son karatu, amma ya kasa buɗe shafi. Jama'a su ce lalaci ne, alhali malalaci ba ya kwana da damuwar aikin da ya bari. To, amma wannan rauni alama ce kawai, kamar zazzaɓi. Kowa ya san zafin jiki yana iya zama maleriya, yana iya zama taifot, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Shi ADHD yana da sharuɗɗa. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar na 2013, ya ce dole wasu alamomin su kasance sun bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata 6, a kuma gan su a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta. Ashe ke nan tambayar farko ita ce: yaushe abin ya fara? Wanda tun yana firamare ake kuka da ƙiriniyarsa da mantuwarsa, a gida da aji, labarinsa daban ne da na wadda ta yi karatunta lafiya lau sai a aji uku na jami'a komai ya tsaya cik.

Ita wannan ta biyun, abin da ya kamata a bincika shi ne me ya sauya. Ciwon damuwa yana kashe kuzarin fara kowane aiki, har wanda mutum yake so. Fargaba tana cinye hankali. Ga rashin barci, wanda mu ɗalibai muka mai da abin alfahari lokacin jarrabawa. Ga ƙarancin jini, da raunin halittar maƙoshi da ake kira tayirod. Ga buguwar kai, kamar a haɗarin acaɓa. Sannan ga tiramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari da shi a 2018.

Inda haɗarin yake shi ne magani. Ritalin da ire-irensa suna taimakon masu ADHD ƙwarai, amma suna iya ƙara bugun zuciya da fargaba, su kuma kore barci. Wanda rashin barci ne asalin matsalarsa, ka ga an ƙara wa wuta fetur.

Ba ina cewa ADHD ƙarya ba ne. Akwai manya da yawa, musamman mata, da ba a gane nasu ba tun suna yara domin ba su da ƙiriniya, sai dai tafiyar tunani. Su ma likita ne zai tantance, a asibitin makaranta ko a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Aro a Abeokuta, da Yaba a Legas, da Barnawa a Kaduna. Mai zuwa ya tafi da katin sakamakonsa na firamare idan yana nan, ko da wani babba da ya san yarintarsa, domin daga can likita zai fara tambaya.