Kiɗan da aka saƙa da zare guda

A Turai da Amurka akwai wata sana'a wadda ba mu saba da ita ba: mutum ya zauna da alƙalami ya rubuta kiɗa bisa takarda, bugu bayan bugu, sa'an nan makaɗa su duba su kaɗa. Wanga mako za mu dubi aikin ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, Steve Reich, wanda aka haifa a birnin Niyok cikin 1936.

A shekarar 1965, Reich ya ɗora murya guda bisa rakoda biyu, ya kunna su tare. Da yake ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauri, sai muryoyin suka riƙa rabuwa sannu a hankali, har wani amo sabo ya fito tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga mata biyu suna lugude a turmi guda ya san irin daɗin da ke fitowa tsakanin taɓarya da taɓarya.

Cikin 1970 ya tafi Gana, jami'ar Legon kusa da Akra, ya zauna gaban Gideon Alorwoyie, gwanin ganga na ƙabilar Ewe. Mako biyar ya yi, zazzaɓin cizon sauro ya maishe shi gida. Da ya warke sai ya duƙufa bisa aikin da ya raɗa wa suna Drumming, wato kiɗan ganga, wanda aka fara kaɗawa a Niyok cikin watan Disamba na 1971.

Abin mamaki, kiɗan yakan kai kimanin sa'a guda, amma ginshiƙinsa salo ɗaya ne tak: gurbi 12, ana bugu cikin 8, ana shiru cikin 4. Da bugu guda ake farawa, ana cike gurabun shiru ɗaya bayan ɗaya har salon ya cika. Daga nan wani makaɗi ya ɗan ƙara sauri, ya wuce abokinsa da gurbi guda, ya tsaya nan. Kashi na farko na ƙananan ganguna 8 ne. Na biyu na marimba 3, masu kama da balafon, tare da muryoyin mata. Na uku na sandunan ƙarfe masu amon ƙararrawa, da fito da ƴar sarewa. Na huɗu kuwa kowa ya shigo. Gwanintar ke nan: a yi haƙuri da abu kaɗan har ya haifi mai yawa.

Akwai masu cewa wannan kwasar dukiyar Afirka ce. A ganina zargin ya yi tsauri, domin Reich bai ɗauki gangunan Ewe ko waƙoƙinsu ba, kuma dabarar wuce juna tana hannunsa tun kafin tafiyar. Dubarar gini ya gani a Gana, ta ƙarfafa masa zuciya. Sai dai akwai gaskiya mai ɗaci: wanda ya rubuta shi ke da suna bisa faifai, shi ake biya duk lokacin da aka kaɗa. Reich ya samu lambar Pulitzer cikin 2009. Alorwoyie ya zama malamin jami'a a jihar Teksas, amma masu sauraron Drumming nawa ne suka san sunansa?

Saboda haka, ranar da aka yaba wa ɗalibi, a ambaci malaminsa. Kuma matashin da ke ƙaunar kiɗa ya koyi rubuta shi, don kada aikinsa ya yi yawo ba shi da uba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.